Wasa bakwai babu nasara: a sallami koci ko a ƙara masa lokaci?

Tambaya: Ƙungiyar da nake goyon baya ta buga wasa bakwai a jere ba ta ci ko ɗaya ba. A gidan kallonmu an rabu gida biyu, wasu na cewa a sallami kocin tun kafin a faɗa 'yan dagaji, wasu na cewa a yi haƙuri. Ni na rasa inda zan tsaya. Ta yaya ake gane kocin da ya gaza da wanda lokaci ne kawai ya juya masa baya?

Amsa: Ƙanena, ba ka faɗi sunan ƙungiyar ba, kuma hakan ya fi, don da ka faɗa wataƙila da son zuciya ya shigo cikin amsata. Na shafe sama da shekara 20 a bakin fili. Na horar da yara a filin makaranta, na riƙe manya a ƙananan gasanni, an ɗauke ni aiki, an kuma sallame ni sau biyu. Na san zafin abin a matsayin ɗan kallo, na kuma san shi a matsayin wanda ake yi wa ihun "ba ma so" yana zaune a benci.

Ka fara riƙe wannan: wasa bakwai su kaɗai ba su isa shaida ba. Tamaula wasa ne mai rowar ci. A ƙwallon kwando ana jefawa a raga sau da dama a wasa guda, shi ya sa wanda ya fi iyawa kusan kullum shi ke tashi da nasara. A ƙwallon ƙafa kuwa ƙwallo ɗaya ke raba mai dariya da mai kuka, kuma wannan ɗayar tana iya zuwa saboda ɗan baya ya zame, ko alƙalin wasa ya busa fenareti inda babu, ko taku ta bugi turke ta dawo fili. Idan irin haka ta faɗa muku sau uku cikin wasa bakwai, maki shida ko fiye sun salwanta, teburi kuma ba ya rubuta dalili. Sai dai wasa bakwai sun isa a zauna a yi bincike, don ruwa ba ya tsami banza. Abin da ake nema a binciken shi ne me ya jawo waɗannan bakwai ɗin.

Bari in kai ka wasa guda wanda a ganina ya ƙunshi yawancin amsar. Ranar 26 ga Disamba 2020, Arsenal ta karɓi baƙuncin Chelsea a filin Emirates, babu 'yan kallo saboda annobar korona. Arsenal ta shiga wasan tana ta 15 a teburin Firimiya da maki 14 daga wasa 14. Daidai halin da kake ciki ne, wasa bakwai a jere babu nasara: Aston Villa ta ci ta 3-0 a gida, canjaras da Leeds, Wolves ta ci ta, Tottenham ta ci ta 2-0, Burnley ta zo har gida ta ci ta 1-0 da ƙwallon da Aubameyang ya ci gidansu, canjaras da Southampton, sannan Everton ta ci ta 2-1. Maki biyu cikin 21. Ƙwallo uku kacal suka zura a wasannin bakwai, aka kuma ba su jan kati uku: Pepe ya yi wa ɗan Leeds karo da kai, Xhaka ya shaƙi wuyan ɗan Burnley, Gabriel ya samu nasa a wasan Southampton. Kwana huɗu kafin zuwan Chelsea, Manchester City ta ƙara musu 4-1 a kofin Carabao. Duk wanda ya ce a sallami kocinsu Mikel Arteta a wannan makon ba za a ce ya yi hauka ba.

Chelsea ta Frank Lampard kuma tana da maki 25, a farkon watan ma ta ɗan hau saman teburi. Ba kowa ke maganar kujerar Lampard ba a ranar.

Arsenal ta ci 3-1. Wata guda bayan nan, ranar 25 ga Janairu 2021, Chelsea ta sallami Lampard, Arsenal ta bar Arteta. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a ganina duka ƙungiyoyin biyu sun yanke hukunci daidai. Wanda ke ƙasa aka bari, wanda ke sama aka kora, kuma babu wanda ya yi kuskure. In ka gane dalilin haka, ka gane yadda ake auna koci.

Na kalli wasannin nan bakwai na Arsenal, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce rashin sa'a ne ba. Ƙungiyar ba ta da kyau. Ƙwallo ta fito daga baya, ta je gefe, a yi kuros, 'yan bayan abokan hamayya su sa kai su fitar, a sake. A wasan Tottenham sun yi kuros sama da 40 ba su ci ko ɗaya ba, alhali Aubameyang da Lacazette ba 'yan gaban da suka shahara da cin ƙwallo da ka ba ne. A wannan wasan ne ma aka ga abin da ya nuna irin matsin da kocin ke ciki: Thomas Partey ya ji ciwo ya tako zuwa bakin layi, Tottenham ta taso da ƙwallo, Arteta ya sa hannu ya tura shi ya koma fili, kafin ya isa Harry Kane ya riga ya zura ta biyu. Duk da haka akwai abubuwa biyu da mai ido zai gani. Bayan ƙungiyar bai rushe ba. Ƙwallo 18 aka zura musu a wasa 14, kuma a ƙarshen kakar ƙungiyoyi biyu ne kawai suka fi su tsare raga. Sannan a wasan Leeds da na Southampton, da aka bar su su goma, sun tsaya sun yi ta gudu har aka tashi canjaras. 'Yan wasan da suka yanke ƙauna da kocinsu ba sa wahalar da kansu haka saboda maki ɗaya.

Kuma ciwon yana da suna. Babu mai haɗa tsakiya da gaba, babu lamba goma. Özil ne mai wannan aikin, an cire sunansa daga jerin 'yan wasan Firimiya tun Oktoba, ba a kuma cike gurbinsa ba. Ranar Chelsea, da yake Willian ba shi da lafiya, Arteta ya sa Emile Smith Rowe mai shekara 20 a wannan gurbi, Bukayo Saka a dama, Martinelli a hagu, su biyun masu shekara 19. Nan take ƙwallo ta fara bi ta tsakiya. Lacazette ya ci fenareti, Xhaka, wanda ya dawo daga dakatarwa, ya ci bugun tazara, Saka ya ƙara ta uku. Mutane na cewa dole ce ta sa Arteta ya sa yaran, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma abin da nake auna koci da shi shi ne abin da ya yi bayan nan. Da manyan suka warke bai mayar da yaran benci ba. Ya ga abin da ya yi aiki, ya riƙe shi, a watan Janairu ya aro Ødegaard daga Real Madrid don ƙarfafa wannan gurbin, ƙungiyar kuma ta rabu da Özil da Mustafi da Sokratis. Kocin da ke cikin masifa amma har yanzu yana koyo daban yake da wanda ya kafe.

A ɓangaren Lampard labarin ya sha bamban. Ba na raina shi. A kakarsa ta farko, lokacin da aka hana Chelsea sayen 'yan wasa, ya fito da Mount da Abraham da Reece James ya ƙare a na huɗu. Amma a bazarar 2020 an kashe sama da fam miliyan 200, aka kawo masa Werner da Havertz da Ziyech da Chilwell da gola Mendy, ga Thiago Silva a kyauta. Kaya sun cika, abin da ya rage shi ne a jera su, shi kuma jerin ne ya gagare shi. Werner na yawo a gefen hagu, Havertz yau nan gobe can, Rüdiger da Alonso na zaman benci. Bayan wasan Arsenal ya fito gaban 'yan jarida ya zargi 'yan wasansa da lalaci. Ya sha kashi a wasa biyar cikin takwas na ƙarshe a Firimiya, aka sallame shi suna na tara. Thomas Tuchel ya zo, bai sayi ko mutum ɗaya ba, ya koma 'yan baya uku, ya dawo da Rüdiger da Alonso, ya buga wasa 14 ba a ci shi ba, ranar 29 ga Mayu 2021 kuma ya ɗauki Kofin Zakarun Turai a Porto da waɗannan 'yan wasan.

Daga nan ne nake ciro tambayar da nake yi wa duk mai cewa a kori koci: in an kawo wani gobe da safe, da waɗannan 'yan wasan, me zai yi daban? Idan mutum zai iya nuna maka, ya ce ga wane ana ajiye shi a benci alhali ya fi wanda ke bugawa, ga wane ana sa shi inda ba wurinsa ba, ga tsarin da ya dace da su an ƙi bi, to korar na da tushe. Idan kuwa amsarsa ita ce "ko waye ya fi wannan", to fushi ne ke magana, kuma na fahimci fushin, amma ba a gina ƙungiya da shi. A Chelsea 'yan wasan sun fi sakamakon da ake samu nesa ba kusa ba. A Arsenal kuwa ƙungiyar ce ke buƙatar rushewa da sake gini, kuma aikin da aka ɗauki Arteta ya yi ke nan. Wannan ma abin dubawa ne: wane aiki aka ba mutumin? Wanda aka ce ya gina, a auna shi da ko ginin na tashi. Wanda aka ba kayan miliyoyi aka ce ya kawo kofi, ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kada kuma ka ɗauka haƙurin Arsenal ya zo kyauta. Sun ƙare kakar a na takwas, karo na farko cikin shekara 25 da suka rasa gurbin gasar Turai. A Agustan 2021 suka fara sabuwar kaka da shan kashi uku a jere, an zura musu tara ba su zura ko ɗaya ba, suna ƙarshen teburi. Amma makinsu na kaka huɗu a jere ya tafi 61, 69, 84, 89. Wanda zai ce a yi haƙuri ya san cewa abin da yake nema ke nan, shekara biyu ta ɗaci.

Akwai kuma inda rashin sa'a ne da gaske. A kakar 2014-15 Borussia Dortmund ta Jürgen Klopp, bayan Lewandowski ya koma Bayern, ta tafi hutun hunturu da maki 15 daga wasa 17. A farkon Fabrairu 2015 Augsburg ta ci su 1-0 a gida suna ƙarshen teburin Jamus, har Hummels da gola Weidenfeller suka je bakin waya suna ba magoya baya haƙuri. Wannan koci ne da ya ci gasar sau biyu, ya kai wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2013. Masu bincike a Liverpool, ƙarƙashin Ian Graham, sun bi wasannin wannan kakar ɗaya bayan ɗaya, suka auna damarmakin da Dortmund ta samu da waɗanda ta bayar, suka ga cewa wasan da ta yi na ƙungiyar da ya kamata ta ƙare a na biyu ne. Ta ƙare a na bakwai. A Oktoban 2015 Liverpool ta ɗauki Klopp, sauran labarin ka san shi.

Ma'aunin da suka yi amfani da shi dangin wanda ake kira xG ne, kuma ba wani tsafi ba ne. Kowane hari ana ba shi daraja gwargwadon yadda irinsa ke shiga raga a dubban wasannin baya. Fenareti na shiga kusan sau uku cikin huɗu. Bugu daga nesa sosai ba ya wuce 'yan kaɗan cikin ɗari. In aka tara na wasa guda sai a ga ƙwallo nawa ya kamata a ci. Ana samunsa kyauta a intanet ga manyan gasanni, amma ko babu shi kana iya yi da idonka. Ka ɗauki biro da takarda, duk lokacin da ƙungiyarku ta samu damar da ka tashi tsaye ka dafe kai, ka ja layi. Duk lokacin da gabanka ya faɗi saboda damar abokan hamayya, ka ja layi a ɗaya gefen. In wasa bayan wasa layukanku sun fi yawa amma ana cin ku, to ƙungiyar na da lafiya, ƙwallo za ta fara shiga. In layukansu ne suka fi yawa, ko da kuna tsira da canjaras, ciwon na nan. Abu ɗaya za ka kiyaye: ƙungiyar da aka riga aka zura wa biyu takan yi ta kai hari saboda waɗancan sun koma baya suna tsare abinsu. Layukan da ka ja lokacin da ake babu ci sun fi nauyi.

Yanzu ga wanda ya fi duka muhimmanci, wanda kuma babu ƙididdigar da ke kama shi: ko 'yan wasan na tare da kocin. Duk sauran cututtukan suna da magani. Wannan in ya kama, ban taɓa ganin an warke ba.

José Mourinho ya ci Firimiya da Chelsea a Mayun 2015. A wasan farko na sabuwar kaka ya yi rigima da likitar ƙungiyar, Eva Carneiro, saboda ta shiga fili duba Hazard. Daga nan abubuwa suka yi ta lalacewa. Ranar 14 ga Disamba Leicester ta ci su 2-1, ya fito ya ce an ci amanar aikinsa. Kwana uku bayan nan aka sallame shi, suna na 16 da maki 15, an ci su sau tara a wasa 16. Michael Emenalo, ɗan Najeriya da ke daraktan wasanni na ƙungiyar a lokacin, ya fito fili ya ce akwai ɓaraka tsakanin kocin da 'yan wasa. Ilimin Mourinho bai ragu ba cikin wata bakwai. Maganarsa ce ta daina shiga kunne. A kaka ta gaba Antonio Conte ya ci gasar da maki 93, da Hazard da Diego Costa da Courtois da Azpilicueta, waɗanda aka ce sun ƙare.

Na san wannan daga jikina. A wata ƙungiya da na riƙe, bayan an ci mu a gida da ƙwallon da ta kuɓuce daga hannun golanmu, na tsaya a bakin fili, magoya baya na ji, na faɗa masa maganar da ba ta kamata ba. Yaro ne mai kunya, kuma duk 'yan wasan sun san mahaifinsa na kwance a asibiti a wannan makon. Ni ma na sani. Washegari a atisaye babu wanda ya makara, babu wanda ya yi mini musu. Duk abin da na ce sai a ce "to, koc". Amma wasan tsokanar da suke yi lokacin ɗaure takalmi ya tsaya da na iso, kyaftin ɗin da ya saba zuwa ya ce mini "koc, wannan tsarin ba zai yi ba" ya daina zuwa. A wasa na gaba aka zura mana ta farko a minti na 20, na duba na ga ƙwallon na kwance cikin raga babu wanda ya ruga ya ɗauko ta, sai golan da kansa ya sunkuya ya jefo ta a hankali. A nan na san na rasa su. An ƙara wasa huɗu kafin a sallame ni, kuma waɗanda suka sallame ni sun yi daidai. Na nemi yafiyar yaron daga baya, ya yafe, amma har yau abin na damuna.

Saboda haka a wasa na gaba ka ɗauke idonka daga ƙwallon na ɗan lokaci. In an ƙwace ƙwallo daga ɗan gefenku, yana juyowa da gudu ko yana ɗaga hannu yana tafiya? In an zura muku, wa ke ɗauko ƙwallon, wa ke tafa hannu yana tara mutane? In koci ya kira ɗan wasa bakin layi, yana kallon fuskarsa ko yana shan ruwa yana kallon wani wuri? Ka kuma saurari kocin bayan wasa. Wanda ke cewa "laifina ne, ga abin da za mu gyara" har yanzu yana kare yaransa. Wanda ya fara kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yau alƙali, gobe fili, jibi shugabanni, ya fara shirya hujjar tafiyarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ka ga sirrin ɗakin canja kaya ya fara fitowa a jarida kullum, tsagar ta yi nisa.

Masu cewa a yi haƙuri kullum Alex Ferguson suke kawowa. Gaskiya ne ya zo Manchester United a Nuwamban 1986 bai ɗauki kofi ba sai Mayun 1990, a Satumban 1989 City ta ci shi 5-1, kuma ƙwallon Mark Robins a gidan Nottingham Forest a Janairun 1990 ce ta buɗe masa hanyar kofin FA. Abin da ba sa faɗa shi ne, mutumin ya zo da shaida a hannu: ya ci gasar Sikotilan sau uku da Aberdeen, ya doke Real Madrid a wasan ƙarshe na kofin Cup Winners' Cup na Turai a 1983. Kuma shugabannin na ganin aikin da 'yan kallo ba sa gani, yadda ya gyara tarbiyyar ƙungiyar da neman yara, wanda ya haifar da su Giggs da Beckham da Scholes. Ba kowane kocin da ake ci ba ne Ferguson. Da yawa an yi haƙuri da su har suka kai ƙungiya ƙasa.

Masu cewa a kora su ma suna da nasu abin da suke dogaro da shi: sabon koci na zuwa sai a fara ci. Wani masanin tattalin arziki ɗan Holan, Bas ter Weel, ya bi korar kociyoyi a gasar ƙasarsu daga 1986 zuwa 2004, ya kwatanta ƙungiyoyin da suka kori koci da waɗanda suka shiga irin wannan hali amma ba su kora ba. Ya tarar duka biyun sun farfaɗo kusan daidai wa daida. Dalilin a fili yake. Ana korar koci ne a lokacin da abubuwa suka kai maƙura wajen lalacewa, daga maƙura kuma sai dawowa, ko da wa ke benci. Sabon ne ke karɓar yabon. Ole Gunnar Solskjær ya ci wasa takwas na farko a United, ya fitar da PSG a birnin Faris, aka ba shi aikin dindindin a ƙarshen Maris 2019, sai ya ci biyu kacal cikin goman da suka rage.

Ko misalin da ya fi yi mana ciwo mu 'yan Najeriya yana da fuska biyu. A gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2024, Ikwatoriyal Gini ta ci mai masaukin baƙi Kwaddibuwa 4-0, aka sallami Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, mataimakinsa Emerse Faé ya karɓa, ya fitar da Senegal da Mali da Kwango ta Kinshasa, ya ci mu 2-1 a wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu. Faé ya yi aiki, ya dawo da tsofaffin hannu irin su Seri da Gradel. Amma a daidai lokacin ne Haller da Adingra suka warke daga ciwo, kuma Adingra ne ya ba Haller ƙwallon da ta kashe mu. Kafin ka yanke wa koci hukunci, ka duba su wa ke ɗakin jinya da kuma su wa aka buga da su. Wasa bakwai da manyan teburi babu 'yan wasanka uku mafi kyau ba ɗaya ba ne da wasa bakwai da 'yan ƙasa kowa na nan lafiya.

In kuwa ƙungiyar da kake nufi ta gida ce, to akwai tambayoyin da ke gaban duk waɗannan. An biya 'yan wasa albashi? An biya alawus na wasan da suka ci wata biyu da suka wuce? Kwana nawa suka yi a mota kafin su isa Uyo ko Fatakwal, kuma a ina suka kwana? Wa ya zaɓi 'yan wasan da aka ɗauka, kocin ko wani mai faɗa a ji da ya turo nasa? A gasarmu cin wasa a waje abu ne mai wuya ga kowa, saboda haka wasa bakwai da huɗu daga ciki na waje ne dole a karanta su da wannan a zuciya. Al'adar nan ta ba koci wa'adin wasa uku, ko ya ci ko ya tafi, ina ganin ta fi ɓarna fiye da gyara. Ranar da aka sanar da wa'adin, duk ɗan wasan da ke benci ya san saura mako biyu ya rabu da wanda ya ajiye shi, kocin kuma ya daina gwada yara, ya koma tsare gida don kada a ci shi. In shugabanni sun gama da mutum, su biya shi haƙƙinsa su sallame shi cikin mutunci. In ba su gama ba, su yi shiru su bar shi ya yi aiki.

Ga inda ni nake tsayawa in an sa ni in yanke. Zan sallami koci idan na ga 'yan wasan sun daina gudu dominsa, ko kuma ƙwallon da aka zura mana a wasa na farko ita ce aka zura a na bakwai, ta hanya ɗaya, bai canja komai ba, sannan ina da sunan wanda zai gaje shi da abin da na tabbata zai gyara. Na ukun nan shi ake yawan mantawa; ƙungiyoyi da yawa sun kori koci da dare, gari ya waye suna neman lambar waya. Akwai kuma lokacin da lissafi ke tilastawa: in saura wasa goma a faɗa 'yan dagaji, babu sauran maganar gini, sai ceto. Zan bar shi idan ana samun damarmaki, yaran na faɗa har minti na 90, ciwon na da sunan da za a iya nunawa, shi kuma ana ganin yana laluben magani.

Ka kalli wasa biyu masu zuwa da biro da takarda kamar yadda na faɗa maka, ka zauna nesa da masu ihu in zai yiwu, ka lura da wanda ke ɗauko ƙwallo daga raga. Sannan ka sake rubuto mini da sunan ƙungiyar da abin da ka gani, ni ma zan nemi wasannin in kalla, mu haɗa namu mu gani.